Mutuwar Baffanku Sani

Dukkanku kun kalli fim ɗin da yayanku Nasiru ya yi a kan yaƙin basasa. Wasunku har kun haddace wurin da soja ya rungume ƙanensa a gonar ayaba yana laƙƙana masa kalmar shahada. An gaya muku sojan ni ne, ƙanen kuma Baffanku Sani. Bayan 'yan watanni kuka ga wani dattijo mai ƙananan kaya ya sauka a ɗakin zaure ya kwana uku, aka ce muku baƙo ne daga Kudu. Manyanku sun gane abin da ake ciki, ƙananan kuma sun tsinci guntaye a bakin mutanen unguwa. Ni ya kamata in zaunar da ku tun tuni, ban yi ba. Yanzu zan rubuta shi yadda ya faru. Ba neman ku wanke ni nake yi ba, so nake ku san abin da aka yi da wanda ya yi shi.

Kakanku, wanda muke kira Baba, fataucin shanu yake yi. Yana loda su a jirgin ƙasa zuwa Umuahia, ya dawo da manja. A can ya ga Inna, 'yar ƙabilar Ibo, ta musulunta aka sa mata Hajara, ya auro ta ya kawo ta wannan gida na Ƙofar Na'isa. Ta iya Hausa sosai, sai dai in za ta yi ƙidaya ko ranta ya ɓaci, bakinsu take komawa. Mu uku ta haifa: Gwaggonku Ladidi, sai ni, sai Sani. Da rikicin araba ya tashi, ana farautar 'yan Ibo a Arewa, aka kashe yayanta da ke aikin jirgin ƙasa. Baba ya ɓoye ta a ɗakin hatsi kwanaki da yawa. Maƙwabta sun sani, ba wanda ya yi magana, wata tsohuwa ma ta katanga take miƙo mata fura. Amma da ƙura ta ɗan lafa, Inna ta ce sai ta je ta ga mahaifiyarta, ta faɗa mata da bakinta yadda ɗanta ya mutu. Baba bai hana ta ba. Sani yana da shekara goma sha shida a lokacin, shi aka sa ya ɗaukar mata ƙunshin kaya zuwa tasha. Ya tura ta cikin taragon da mutane suka cika har taga, ya hau don ya ajiye mata kayan, bai sauko ba.

Da yaƙi ya ɓarke na shiga soja a matsayin direba, don na riga na iya babbar mota. Na ce wa Baba neman su zan je yi. Rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa, na gaji da yadda samarin unguwa ke yin shiru in na iso majalisa, ina so su san ɓangaren da nake. Ban taɓa harbin mutumin da idona ya gani ba. Harsashi na ɗauka, da garin rogo, da gawawwaki, shekara biyu da rabi.

Bayan an ajiye makamai na nemi izini na tafi ƙauyen su Inna. Na samu Sani a harabar coci yana buga bulo tare da wasu samari. Ya rame, yatsu biyu na hannunsa na hagu babu su. Ya dubi kakina kafin ya dubi fuskata.

Na ce, "Sani."

Ya ce, "A nan Obinna suke kirana."

"Ina Inna?"

Ya nuna bayan wani gida da haɓarsa. "Tana can, wata bakwai ke nan da binne ta. Ba gishiri, ba kifi, ba magani. Ku kuka tare hanya."

Na ce masa ya tattara kayansa mu tafi gida, Baba yana jira. Ya goge hannunsa a wando.

Sannan ya ce, "Ka gaya wa Baba a coci ka same ni. Ka gaya masa na ɗauki bindiga a wannan ɓangaren, kuma ban yi nadama ba. Kada ka rage komai. In ya ji duka ya ce in zo, zan zo."

Saƙon ke nan. Duk tsawon hanya ina maimaita shi a raina, kuma da niyyar isarwa na sauka a Kano. Na tarar da Baba a zaure, limamin unguwa yana gefensa, da wasu dattawa uku da suka zo yi mini barka da dawowa. Baba ya ɗaga kai ya ce, "Ka same su?" Na dubi liman, na dubi dattawan, na ce Inna ta rasu. Suka yi salati. Baba ya ce, "Yaron fa?" Na ce shi ma. Ban shirya faɗin haka ba, amma kuma ba kuskuren baki ba ne. Na yi ta gaya wa kaina cewa Baba na tausaya wa, kada a ce ɗansa ya bar addini ya yaƙi ƙasarsa. Sai da na tsufa na yarda cewa akwai haushi a ciki. Yaron da na goya ya dube ni ya ce ni na kashe uwarmu, kuma ba ni da amsar da zan ba shi. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Baba ya rayu shekara shida bayan haka. Ba wanda ya taɓa tambayata yadda Sani ya mutu, don suna ganin ciwo zai tayar mini.

Haka aka tafi kusan shekara talatin, har shekarar da sojoji suka sake miƙa mulki ga farar hula. Ku kuna tuna ta da hotunan 'yan takara da aka lilliƙa a bangon kowane lungu. Ni abin da na fi tunawa shi ne yadda bakin mutane ya buɗe. A wurin mai shayi, a rediyo, a cikin motar haya, kowa yana faɗin abin da ya daɗe yana haɗiyewa a kan masu kaki. A wannan lokacin ne kuma samarin Kano suka rungumi yin fim a kaset. Nasiru, babban ɗan Gwaggonku, ya haura talatin, yana da kantin kaset, ya kuma yi finafinai biyu na soyayya tare da abokansa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo ya durƙusa a gabana.

"Kawu, labarin kakata nake so in yi. Kowa waƙa da rawa yake yi, ni kuma ga labari a gidanmu. Yanzu ba mai kama mutum don ya sa kaki a fim."

Na ce masa abin da ya wuce ya wuce, ya nemi wani labarin.

Ya ce, "Umma ta riga ta amince. Ita ce ma ta ce kada a canja suna ko ɗaya. Ta ce Kawu Sani bai bar ɗa ba, bai bar kabari ba, ko sunansa ya saura."

Washegari Yaya Ladidi ta aiko in je. Na same ta a tsakar gidanta tana tsince shinkafa, Nasiru yana gefe da littafi da biro. Ta ture farantin, ta gyara zama.

Ta ce, "Isyaku, na ƙyale ka shekara da shekaru don na san da zafi. Yanzu mun tsufa. Ka faɗa mini yadda ƙanena ya cika."

A nan ne wuri na biyu da zan iya faɗin gaskiya, kuma ya fi na farko sauƙi, don Baba ba ya nan, liman ba ya nan, mu uku ne kawai. Na buɗe baki na ba su gonar ayaba. Akwai wani yaro da na taɓa gani a bakin hanya yana mutuwa, harsashi ya same shi a ciki, ban san sunansa ba, ban ma tsayar da mota ba. Shi na ɗauko na sa masa fuskar Sani. Na ce na same shi kwance, ya gane ni, ya nemi gafarar Baba, na laƙƙana masa kalmar shahada ya amsa, na binne shi da hannuna. Nasiru yana rubutu da sauri, Yaya tana share hawaye da gefen mayafi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda maganar ta riƙa zuwa ba gargada, kamar na daɗe ina jiran a tambaye ni.

Wata biyu aka yi ana ɗaukar fim ɗin, kuma kusan kullum ina wurin. Duwatsun Goron Dutse suka zama bakin daga. Wani lambun ayaba a bakin rafi, can bayan gari, ya zama ƙasar su Inna. A gwanjo aka sayo kakin, kafinta ya sassaƙa bindigogi aka shafa musu baƙin fenti. Ni na koya wa 'yan wasan yadda ake maci, da yadda ake karkata hula, da yadda soja ke kwanciya in ya ji harbi. Suka sa mini Baba Soja, ana shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ba a ɗaukar komai sai an tambaye ni ko haka aka yi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin wannan. Tun da na bar soja na koma tuƙin motar kaya ba wanda ya taɓa neman ra'ayina a kan wani abu. Ranar da za a ɗauki mutuwar, saurayin da ya fito a matsayin Sani ya matso kusa da ni, an riga an shafa masa jan kala a riga.

Ya ce, "Baba, lokacin da zai cika, kai ya kalla ko sama?"

Na ce, "Ni ya kalla."

Mahaifiyarku ce kaɗai ba ta shiga murnar ba. Ran nan tana zuba mini ruwan wanke hannu ta ce, "Malam, shekara ashirin da biyar muna tare, na ji labarin gadar da ta karye da kai, na ji na kyaftin ɗin da ya mare ka, kowanne ya fi sau goma. Gonar ayabar nan ban taɓa jin ta ba." Na ce mata ba kowane abu ake faɗa ba. Ta ce haka ne, ta ɗauke kwanon.

Da kaset ya fito, a tsakar gidan Yaya aka fara kallonsa bayan la'asar. Aka fito da talabijin, matan unguwa suka cika tabarmi, mu maza muna daga bakin ƙofa. Da aka zo wurin mutuwar, gidan ya ɗauki kuka. Bayan an watse Yaya ta kama hannuna, abin da ba ta yi ba tun muna yara.

Ta ce, "Allah ya saka maka da alheri. Tsorona duk shekarun nan kada ya kasance shi kaɗai ya mutu a daji."

Na ce amin.

Kaset ya karɓu. Fatake suka tafi da shi duk inda Bahaushe ke zaune, kuma ban taɓa kawo wa raina abin da hakan ke nufi ba. Ashe Sani yana da kantin kayan gyaran mota a Umuahia, kuma yakan je wurin Hausawan kasuwar shanu ya sha shayi don kada Hausarsa ta ɓace. Su a zatonsu ɗan Ibo ne da ya taɓa zaman Sabon Gari. A rumfar mai shayin ya ji an kira sunan Baba a talabijin, da sunan Inna, da Ƙofar Na'isa, ya zauna ya kalli yadda ya mutu.

Ƙarshen damina ne, da hantsi, ina zaure ina gyara rediyo, na ji sallama da wata irin Hausa ta dā, wadda samari suka daina yi. Na amsa na ɗaga kai. Ya yi ƙiba, kansa ya yi fari fat, yana riƙe da 'yar jaka. Hannun hagun na duba. Ya cire takalmi ya shigo ya zauna a daidai inda Baba ke zama, ina jin bai ma lura ba. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi hanya. Mahaifiyarku ta leƙo ta kawo ruwa, ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauki mayafinta ta fita. Ba a jima ba ta dawo da Yaya Ladidi.

Yaya ta tsaya a bakin zaure. Sani ya miƙe ya ce, "Yaya, ina kwana." Ta matso ta kama kunnensa na dama ta juya shi, akwai tabon da ya samu tun yana rarrafe, lokacin da ya faɗa kan murhu. Sai ta zauna a ƙasa, tana riƙe da gefen wandonsa. Ba ta yi kuka ba a lokacin, kuma ba ta dube ni ba.

Sani ya ce, "Ban zo faɗa ba. Abu ɗaya na zo ji. Shekara biyu ina zuwa tasha duk ranar da shanun Kano suka sauka, ina duba ko Baba ya aiko. Da na ji shiru na ce amsarsa ke nan. Na yi aure, na haifi 'ya'ya biyar, ban taɓa gaya musu sunan kakansu ba, don ina zaton ya yafe ni, ya cire ni daga cikin 'ya'yansa. Yaya Isyaku, ka isar da saƙona?"

Na ce ban isar ba.

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki ruwan ya sha.

Washegari ya ce in kai shi kabarin Baba. Muka tafi mu biyu. Maƙabartar ta cika ta tumbatsa tun bayan rasuwarsa, sai dai na nuna masa sashen, kusa da wata bishiyar darbejiya, na ce a nan wajen ne. Ya tsaya hannunsa a baya. Na ga leɓensa yana motsi, ban san da wane baki yake yi ba, ban kuma tambaya ba. Da ya gama ya ce, "Yana ambatona?" Zan iya ce masa e kawai in yi shiru. Amma na riga na gaji, sai na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kwana takwas bayan dawowata daga yaƙi, Baba ya kira ni ɗakinsa mu biyu, ya ce, "Isyaku, da a ce yaron nan yana raye, ko me ya zama, da ƙafata zan je in ɗauko shi." Na ji wannan da kunnena, na ce Allah ya jiƙansa, na tashi na fita.

Sani ya juya ya dubi wajen darbejiyar. Sannan ya ce, "To, na gode da ka faɗa." Muka dawo gida.

Nasiru ya so ya janye kaset ɗin daga kasuwa, amma ya riga ya bazu, har ana kwafarsa a garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Ya zo ya same ni, bai durƙusa ba wannan karon, ya ce, "Kawu, da kyamarata ka sa na yi wa uwata ƙarya." Bai sake yin fim ba, ya koma sayar da kayan wuta. Sani kuwa, da Nasiru ya je ba shi haƙuri, dariya ya yi, ya ce saurayin da ya fito a matsayinsa ya fi shi kyau, kuma mutuwar da aka ba shi ta fi wadda Inna ta samu.

A kwana na uku Yaya ta haɗa kaya ta ce za ta bi shi ta ga kabarin Inna da 'ya'yan ƙanenta. Shekararta hamsin da biyar, ba ta taɓa wuce Zariya ba. Sani da kansa ya ce in zo mu tafi tare, akwai wuri a gidansa. Na ce ba ni da lafiya. Lafiyata ƙalau. Na raka su tasha, na ɗora mata jakarta, motar ta tashi. Ta yi kwana goma sha biyu ta dawo da hotuna, ta nuna wa kowa a unguwa ban da ni. Ba ta yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Tana gaishe ni a wurin suna da wurin rasuwa, tana aiko muku da tuwon sallah, amma ba ta sake zama ta yi hira da ni ba. Sani ya sake zuwa Kano sau biyu, a gidanta yake sauka, ya zo ya gaishe ni a zaure ya koma.

Shekara tara bayan zuwansa na farko, babban ɗansa ya kira ni a waya, don lambata ce ta farko a littafin mahaifinsa. Ya ce da Turanci baban ya rasu da safe a asibiti, ciwon suga ne. Na sa hula na tafi gidan Yaya da kaina, don ban ga ya dace ta ji a bakin wani ba. Na same ta a kan darduma ta idar da walaha. Na zauna daga nesa na ce mata Allah ya yi wa Sani rasuwa.

Ta dube ni.

Ta ce, "Ka ga gawar?"

Na ce a'a, ɗansa ne ya kira ni.

Ta juya wajen ƙofa ta ce wa surukarta, "Kira mini Nasiru ya buga waya ya tambaya."

Muka zauna muna jira har Nasiru ya zo daga kanti. Ya buga, ya yi magana da yaron, ya ajiye wayar ya ce, "Umma, gaskiya ne." Sannan ta yi salati ta fara kuka.